Jan Fentin Katangar Manzo

Jama'a, saura ƙiris in rasa maƙwabcina na shekara da shekaru, kuma ba a kan gona ba, ba a kan akuya ba, a kan dunƙulen laka guda ɗaya. Gayyar yaɓe aka yi kwanan baya a gidan Manzo, wanda ƙofarsa ke kallon tawa a nan bakin garin Tanut, hanyar kara, wato kasuwar dabbobi, ita ce kawai ta raba mu. Kun san yadda muke yi a Damargu: da bazara ta nuna, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa sai ya kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya kira maƙwabta a liƙe masa katanga kafin ruwa ya sauka. Na tuɓe riga, na naɗe wando, ina cafe laka ina maka wa bango, ina zuba wa mutane labari. To ni idan bakina ya kama aiki, idona hutu yake tafiya. Ban ankara ba sai na ji Manzo ya kwarma salati, kai ka ce rumbunsa ne ya kama wuta.

"Malam Idi! Ka kashe ni! A kan alamar ka maka!"

Na duba, ashe kuwa da gaske ne. Lakata ta zauna daram a kan jan gicciyen da ke jikin katangarsa, ta rufe shi ruf. Masu gayya suka yi cirko-cirko, kowa da laka a hannu, suna dubana kamar na taka Alƙur'anin wani. Har mai kwaɓa ƙasa ya fito daga cikin laka ya zo ganin ɓarna.

Wanda ba ɗan unguwarmu ba zai ce mene ne abin salati a fenti. Bari in ba ku labarin daga tushe.

Shekara shida ko bakwai ke nan, wata farar mota ta tsaya a unguwarmu. Wasu bayin Allah suka sauko da riguna masu walƙiya da wani ƙarfe mai ƙafa uku, ɗaya yana leƙawa ta ciki, ɗaya yana ɗaga masa hannu daga nesa. Suka ce za a faɗaɗa hanyar kara, a zuba mata kwalta, a yi mata magudanar ruwa hagu da dama, har da fitilu. Sai wani daga cikinsu ya ɗauki bokitin jan fenti ya bi gidajen da ke yamma da hanya, yana zana gicciye a kowace katanga. Ya ce duk katangar da ya zana hanya za ta cinye ta, amma kada kowa ya damu: za a ba mai gida sabon fili a bayan gari, da bulo na siminti. Sharaɗi ɗaya ne kawai. "Ku kula da alamar nan. Ran da muka dawo, wanda ba shi da ita ba mu san shi ba." Suka shiga mota suka tafi. In kun gan su, ku ce muna gaida su.

Gaskiya mu na ɓangaren gabas, da ba a zana mana komai ba, mun yi baƙin ciki. Ni kaina na yi kwanaki ina hararar katangata don ta ƙi matsawa gaba kaɗan. Yahuza direba, wanda ke jigilar hatsi da dabbobi tsakanin nan da Gangara, har fenti ya sayo daga Damagaram ya zana wa kansa, sai dai nasa ya fito ruwan goro, yara suka yi ta yi masa dariya har ya kankare.

Da lokacin yaɓe ya zo a shekarar farko, sai masu alama suka shiga tsaka mai wuya. In sun yaɓe katanga, alama ta tafi, fili ya tafi. In sun bar ta, ruwa ya ci. Kuma katangunsu duk gabas suke kallo, inda ruwan damina ke bugowa da iska. Manzo ne ya kawo dabarar da kowa ya bi: a yaɓe katanga duka, a kewaye alamar. Haka ake yi har yau. Kowace shekara katanga tana ƙara ƙiba, wajen alama yana ramewa. Yanzu in ka bi layin nan za ka ga kowane gida da kogonsa a ƙirji, a can ciki kuma ga wani ɗan ja-ja da ya koɗe. Na Manzo ya fi na kowa zurfi, don ya fi kowa biyayya. Har guntun kwano ya kafa masa daga sama, wai hula, kada rana ta ƙarasa shi.

Kada ku ce manya sun manta da mu. Allah ya kiyaye in yi musu ƙazafi. Hanyar nan an ƙaddamar da gyaranta sau uku a kan idona. Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanka ƙyalle, muka tafa. Bayan an kwana biyu Ranka-ya-daɗe Wazirin Aza Harsashi ya zo ya ɗora bulo a kan bulo, muka tafa. Sannan Babban Mai Duba Ayyukan Da Za A Fara ya zo ya duba, ya ce ya gamsu ƙwarai. Kowane zuwa sai an kawo katafila a bayan babbar mota, a sauke ta, ta tura yashi gwargwadon tsawon tabarma, a ɗauki hoto, a mayar da ita bayan mota ta wuce Balbeji, don su ma can suna da tasu ƙaddamarwar. Na san katafilar nan kamar yadda na san jakina, fitilarta ta hagu a fashe take. Na jinjina wa wanda ke kula da ita, don ban taɓa ganin ƙarfen da ya sha yawo haka bai gaji da aiki ba.

Ita kuwa hanya tana nan tana abin da ta iya. Akwai wani rami daidai gindin katangar Manzo da direbobi suka raɗa wa suna Cinye-Taya. Da rani kabu-kabu ke kewaye shi, da damina agwagi ke wanka a ciki.

To mu koma ga ɓarnata. Manzo ya ruga cikin gida ya fito da cokali da buta. Ya durƙusa yana kankare lakar a hankali, yana zuba ruwa, ruwan da aka sayo da tsada daga masu kura don kwaɓi. Laka na fita, fenti na bin ta. Kafin ya gama, hannu ɗaya na gicciyen ya tafi, saura wani jirwaye a karkace, kogon kuma ya jiƙe sharkaf ya ƙara zurfi.

Ana cikin haka sai ga muryar Zalika, matar Manzo, daga bakin zaure. Ita ce mai ɗakin da ke bayan katangar nan, gadonta ma a jikin bangon yake.

"Malam Idi, Allah ya yi maka albarka. Tun da ka fara, ƙarasa mana. Ga laka nan, cika shi har baki."

"Ke Zalika, shiga gida," in ji Manzo.

"Ina ne gidan, Malam? Da safe rana ta cikin ramin nan take tashina. Jaki in ya yi atishawa a hanya ina jin iskarsa a kunnena. Bara da hannuna na tara kwano uku ina tarar ruwa a kan gado. Bana katangar nan ba za ta kai kaka ba, ko makaho ya shafa ya sani."

"To in na rufe, suka zo gobe fa? Kowa ya samu fili da bulo, ni in tsaya ina kallo? Shekara nawa ina tsaron abin nan, sai yanzu da aka kusa?"

"An kusa me?"

Manzo ya ajiye cokalin. Ya juyo kaina ya ce gayya ta ƙare, kowa ya kama gabansa, ya gode. Ko furar da aka dama mana ban tsaya sha ba.

Kwana da kwanaki Manzo ba ya amsa sallamata sai da hanci. A masallaci in na tsaya a dama sai ya koma hagu. Abin ya dame ni, don mutumin kirki ne, kuma ba wauta ce ke damunsa ba. Gidan nan ya yi musu kaɗan, 'ya'yansa maza sun tasa, ba shi da halin sayen ko taku ɗaya na fili, ga shi an yi masa alkawari a gaban jama'a. Sai na ce tun da ni na ɓata, bari in je in nemo masu fenti su zo su sabunta.

Na sa rigar Juma'a na tafi wani biro, ofishin gwamnati, da aka ce nan ne ake ajiye maganar hanyoyi. Aka tura ni ƙofa ta biyu, ta biyu ta tura ni ta huɗu, ta huɗu a kulle, mai ita ya tafi taron bita a kan hanzarta ayyuka. Daga ƙarshe na samu wani ma'aikaci, irin waɗanda muke ce wa mushe, mai fara'a yana shan shayi a ƙarƙashin fanka. Na kwashe labari na faɗa masa.

"Jan fenti?" ya ce. "Kai, wannan aikin ai furojen mutanen da ne. Na gaban na gabanmu."

"To an soke shi ke nan, ranka ya daɗe?"

"Wa ya ce an soke? Ba a soke furoje, malam. Ana nazarinsa."

"To maƙwabcina ya yaɓe alamar? Ruwa na tafe, katanga na shirin faɗuwa."

"Ni ban ce ya yaɓe ba."

"Ya bar ta a buɗe ke nan?"

"Ban ce ya bari ba." Ya kurɓi shayi. "Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, muna sane da shi."

Wallahi na fito ina sha'awar mutumin nan. Ni da nake cin abinci da surutu ban taɓa iya yin magana mai tsawo haka ba tare da wani abu ya suɓuce mini ba.

Na kai wa Manzo saƙo kalma da kalma, ina fatan zai ji abin da na ji. Ina! Fuskarsa ta washe, ya kama hannuna ya girgiza, fushi ya ƙare nan take. "Ka ji ko? Suna sane da ni! Zalika, fito ki ji, ba a soke ba!" Zalika ta fito ta ji. Ta juya ta koma ciki. Washegari na hango ta da 'ya'yanta suna fitar da gado da akwati da jeren kwanoninta daga ɗakin, suna kai su rumfar girki.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, katanga ta sha ta yi shiru. Na biyu ne ya zo da la'asar, da iska irin wadda ke kwantar da zana. Ina zaune a zaurena ina kallon yadda ruwa ke dukan katangar Manzo. Hular kwanon nan ita ta fara tashi. Ruwa ya dinga shiga kogon kamar ana ɗura tulu. Sai na ga tsaga ta taso daga wajen alamar ta yi sama, wata ta yi ƙasa. Katangar ta ɗan sunkuyo kamar za ta gaishe ni, sannan ta kife gaba ɗaya, rim, cikin Cinye-Taya.

Alhamdu lillahi ba kowa a ɗakin. Amma ba na so in sake ganin abin da na gani daga baya. Ɗakin matar aure a buɗe ga duk mai wucewa, azara a rataye, ga ƙusoshin da take rataya kaya, ga shatin inda gadonta yake. Manzo kuwa ya fito cikin ruwan ba ko hula, ya faɗa kan tarin ƙasar yana tonawa da hannu. Ba kaya yake nema ba, guntun da ke da jan fenti yake nema. Na je na kama shi na ce ya bari ruwa ya tsaya, ya fizge. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ni da ba na rasa abin dariya a komai.

Bai samu ba. Da gari ya waye ranar kasuwa ce, motoci sun yi layi tun daga kara, katanga ta tare hanya. Yahuza da sauran direbobi suka sauko da shebur suka baje ƙasar cikin ramin, suna ba Manzo haƙuri, suna turawa. Manyan motoci suka bi ta kai ɗauke da buhuna da raƙuma. Ƙasar nan kuwa kun san ta sha ƙaiƙayi da kashin jaki shekara da shekaru. Kafin azahar ta daddale ta yi sumul. Tun da nake a unguwar nan ban taɓa ganin wajen ya yi kyau haka ba. Wani ɗan kabu-kabu har dawowa ya yi ya sake bi, don daɗi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga jiniya. Mai Girma Jagoran Gani Da Ido ne ya fito zagayen ganin ɓarnar ruwa, motoci a bayansa kamar rakiyar amarya. Sun sha girgiza tun daga tasha, sai kawai suka ji taya ta hau wuri mai laushi. Aka tsaya. Mai Girma ya sauko, ya taka wajen, ya buga ƙafa, ya duba na bayansa. Na bayansa suka duba na bayansu. Sai wani mai kaifin basira ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, kashin farko na aikin ke nan, cike ramuka."

"Madalla!" in ji Mai Girma. "A kawo shebur."

Shebur ɗin Manzo ne a jingine, shi aka miƙa masa. Ya riƙe, ya ɗan sunkuya, aka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, ana kaucewa kada ɗakin Zalika ya fito. Manzo ya kutsa cikin mutane ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, katangata ce kake tsaye a kai."

"Taka ce? Kai ka bayar?" Mai Girma ya juya ga jama'a. "Kun ga ɗan ƙasa nagari! Bai zauna yana jiran a yi masa komai ba. A tafa masa!"

Aka tafa. Ni ma na tafa, don wani mai baƙin tabarau yana kallona.

"Ranka ya daɗe, maganar fili ce. An ce wanda hanya ta ci katangarsa za a ba shi fili da bulo. To ga shi ta ci."

Mai kaifin basirar nan ya ja shi gefe, da ladabi ƙwarai. "Baba, kana da alama?"

"Ina da ita. Tana ƙarƙashin takalmin Mai Girma."

"To ka gani, sai an ga alama a jikin katanga. Kuma wannan ba mu muka rushe ba, daga Allah ne. Amma kada ka damu, masu fenti za su sake zagayowa, yanzu ma an ce shuɗi za su sa. Duk katangar da suka tarar a kan layi za su zana."

Da yamma muka ji a rediyo cewa aikin gyaran hanyar kara ya kankama, an yi amfani da kayan gida, ba a ɓarnatar da dukiyar jama'a ba. A nan kam ba su yi ƙarya ba, dukiyar mutum ɗaya ce.

Jiya da safe kowa ya saɓa hauya ya nufi gona, don ciyawa ta fara tasowa. Ni ma na fito, sai na tarar da Manzo a ƙofar gida, laka har gwiwa, yana buga tubali cikin damina, yana rufe su da tsohuwar leda. An kewaye ɗakin Zalika da zana. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata to, wuya ta koya masa, zai gina wa matarsa ɗaki ya manta da mutanen nan.

"Sannu da aiki, Manzo. Amma da ka matsa da ginin ciki kaɗan, ka fita daga layinsu, ka huta."

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "In matsa ciki? A kan tsohon tushe zan ɗora, daidai inda take. Sauri ma nake, Malam Idi. Kada su zo da shuɗin su tarar ba inda za su shafa."

Daga bayan zana na ji Zalika ta ajiye wani kwano da ƙarfi.

Ni dai abin da na lura da shi, tun daga ranar nan direbobi sun koyi ladabi. In sun zo daidai wani rami sai su rage gudu, su leƙo ta taga, su ƙare wa katangar da ke kusa kallo, su gaida mai gida da fara'a. Ramuka suna da yawa, amma katangu masu kogo ma ba su da kaɗan, kuma damina yanzu ta fara. In Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ina kyautata zaton bana za a gama mana hanyar kara, kuma Sarkin Almakashi ya fara wasa almakashinsa.